Hantar Sa Na Huɗu

Kun sha jin labarin nan a bakin gwaggonninku, kowace Sallah da irin gishirin da ake ƙara masa. A faɗarsu, boko ne ya hau wa uwarku kai har ta ɗauki ubanta da mijinta ta zaunar da su gaban faranti guda a bainar jama'a, don dai Konni ta san ta iya ordinatar, wato kwamfuta. Na yi shiru shekara da shekaru, ba don ba ni da baki ba, kun san ni. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri guda, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance tun daga tushe. Babanku yana nan da ransa, wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi. Na san abin da zai yi, zai ɗauki butarsa ya ce lokacin salla ya gabato.

Watandar unguwarmu ta girme ni. Duk shekara in azumi ya kama, magidanta sukan haɗa ƙarfi a sayo shanu, a yanka ran ashirin da tara ga wata, kowa ya sami abin jefawa a tukunyar Sallah. Sa guda kashi ashirin ne, ba ƙari ba ragi. Kowane lungu yana da mutum guda mai riƙe da karne, wato ɗan littafin tikiti masu lamba, wanda ya shiga a yaga masa nasa. Amma abin da ya bambanta watandarmu da ta sauran unguwanni hanta ce. Bayan la'asar ake yanka, mahauta su kasa nama bisa tabarmi, su gasa hantar kowane sa daban. In an sha ruwa an yi sallar magariba, sai mutum ashirin ɗin da suka haɗu a sa guda su kewaye farantin hantarsu. Babba a cikinsu shi ke fara sa hannu, sannan kowa ya ɗauka, kuma ba mai ɗaga kashinsa ya kai gida sai an ga bayan abin da ke cikin faranti. Kakanni suka ce wanda ka ci hanta da shi ba ka kai shi gaban alƙali a shekarar. Akwai gidajen da ba sa ganin jan nama sai ranar, ga gwauraye mata da marayu da ake cire musu kaso daga kowane sa. Shi ya sa watanda ba abin wasa ba ce a wurinmu.

Mai raba mutane a kan shanu shi ne Alhaji Arzika, shugaban watanda, dattijo mai sayar da hatsi. Da ka yake yi. Zai baje guntayen tikiti a tabarma ya yi ta jujjuya su kamar mai duba, saboda ya san wa ke gaba da wa, ya san wa ke auren ɗiyar wa. To amma shanu ba ɗaya suke ba, wani ya zo da tozo kamar tulu, wani kana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Sai Illo direba, wani dogo mai jan babbar mota tsakanin Malbaza da iyaka, wanda muryarsa ta fi odar motarsa, ya fara cewa shi fa ya lura duk shekara ƙannen Alhaji a kan mai tozo suke faɗawa. Ko gaskiya ne ko sharri, Allah masani. Ni dai na san ƙannen Alhaji ba su taɓa ramewa ba. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari magana ta kai ga hannu. An jefi wani da tumbi ko wanke shi ba a yi ba, wani ya zari ƙafar sa ya bi ɗan'uwansa da ita har bakin masallaci, a cikin watan azumi, jama'a! Dattawa suka zauna suka yanke cewa in aka sake ko da musu ne baɗi, an rufe watanda, kowa tasa ta fisshe shi.

A lokacin ina sakatariya a buro, wato ofishin wani mai jigilar kaya. Da keken rubutu mai ƙarar nan na fara aiki, da aka kawo ordinatar aka tura ni koyo ina da furfura a ka. Buhunan albasa kan zo mana da lamba a jiki, na wannan manomi daga kaza zuwa kaza, na wancan daga kaza zuwa kaza, kuma ba wanda nasa ya taɓa yin daidai da cikin mota. Aikina in yanka jerin nan in mayar da shi lodi-lodi. Da hannu nakan wuni ina fama, in kuskure guda ya shiga sai a koma farko. Sai malamin da ya koya mana ya nuna mini abin da ake kira makaro. Ka rubuta wa na'ura aikin sau guda, dalla-dalla, yadda ake koya wa yarinya tuƙa tuwo, daga nan duk ranar da kake so maɓalli kawai za ka danna. Na sha wuya kafin nawa ya tsaya da ƙafarsa, wata rana har ya loda mini buhu guda a mota uku, amma da ya tsaya bai sake ba ni kunya ba. Abin da yake yi ba sihiri ba ne. Ka zuba jerin lambobi a shafin nan mai gida-gida, ka faɗi nawa kake so a kowane rukuni. Sai ya kama daga sama yana ɗiba, in mudu ya cika ya yanke nan take, ko a tsakiyar kayan wa ya tsaya, ragowar ya buɗe sabon rukuni da su. Ba ya tambayar sunan kowa.

Wa ya kai zancen nan majalisa? Babanku. I, shi da bakinsa. Ana zaune ana ta jimamin yadda za a yi bana, sai ya gyara zama ya ce:

"Ku mi kuke wahal da kanku? Uwar ɗiyana tana da wani ƙarhe ga buro wanda ba shi da wa ba shi da ƙane. Kahin ku ce kwabo ya raba shanun ga dut."

Aka kira ni zauren Alhaji Arzika. Na tsuguna daga bakin ƙofa na yi bayani irin wanda na yi muku, wasu suna gyaɗa kai, wasu suna gyangyaɗi. Illo ne kawai idonsa ƙur a kaina.

"Madam, mun ji ƙarhe ba shi da dangi," in ji shi. "Amma yatsan da ke danna shi shina da miji, shina da uba."

Raina ya ɓaci. Ni za a yi wa zargin nama? Ban san lokacin da na ce:

"Wallahi tallahi, abin da na'ura ta hiddo, ko lamba guda ba ni taɓawa, ko ta wa ce."

Magana zarar bunu ce. Nan take Illo ya ƙara da nasa sharuɗɗa: ba musayar tikiti, ba aiko wakili sai ga maras lafiya ko matafiyi, shanu kuma a shafa musu lamba yadda suka sauko daga mota, wanda ya fara sa ƙafa a ƙasa shi ne na ɗaya. Kowa ya amince. Wanda muryarsa ta fi ta kowa tashi yana cewa a rubuta, a rubuta, kun dai san ko wane ne.

Da aka rufe karne, Alhaji da Illo da limamin unguwa suka zo buro a matsayin shaidu. Na zuba jerin kowane lungu, daga inda aka fara yaga zuwa inda aka tsaya, na rubuta ashirin. Liman ya yi bisimilla, Illo ya ja da baya kaɗan kamar abin zai fashe, na danna. Kafin Alhaji ya gama gyara tabarau takarda ta fito da shanu bakwai, kowanne da jerinsa.

"Shi ke nan?" in ji Illo. "Alhaji shina kwana uku bisa abin ga kuma shi yi son kai, wanga ko numfashi bai yi ba?"

Ya karɓi takardar ya ƙirga da yatsa, layi-layi, yana motsa baki. Da bai sami abin kamawa ba sai ya ce a buga masa tasa, ya ninke ya cusa a cikin hula. Aka liƙa guda a ƙofar zauren Alhaji. Babu suna a jiki, lambobi ne tsantsa, ni ma ban san wa ya faɗa ina ba. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta sasanta sarakuna biyu.

Yanzu sai in gaya muku yadda babanku yake da kakanku, don ku da kuka tashi a birane kuna shan shayi da surukanku ba za ku gane ba. Tun da Baba ya ba shi aurena, kusan shekara talatin a lokacin, ba su taɓa haɗa ido ba, balle haɗa kwano. In babanku ya je gaisuwa, tun daga bakin lungu yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, ya gaida ƙasa, Baba ya amsa wa bango. Wata rana yana gaban wanzami an aske masa rabin kai, ya hango Baba ya ɓullo daga kwana, ya zabura ya faɗa gidan mutane, ya wuni ranar da hula har kunne. Baba ma haka yake. In yana son ganinku sai ya aiko a tambaya ko mutumin gidan ya fita. Ba gaba ba ce, kada ku ɗauka haka, ba su taɓa saɓawa ba ko da rana guda. Kunya ce ta mutanen da, wadda ta fi dutse nauyi. To, a lungun su Baba tikitin farko na karne nasa ne kullum, don shi ne mafi tsufa. A lungunmu kuwa na ƙarshe kullum na babanku ne, don shi in aka ce yau sai ya ce gobe, sai mai karne ya gaji da sintiri. Karnen su Baba kuma shi ke bin namu. Alhaji Arzika ya san da wannan, shi ya sa duk shekara yakan raba su gabas da yamma ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Da yamma babanku ya shigo da tikitinsa a hannu, fuskarsa kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa.

"Ke, wace lamba ke ga Baba?"

"Ta hwarko mana, kamar kullum. Ɗari da hamsin da ɗaya."

"Ni kau ɗari da talatin da uku."

Ya karanto mini abin da ya kwafo daga ƙofar zaure. Sa na huɗu: ɗari da ashirin da bakwai zuwa ɗari da talatin da uku, sai ɗari da hamsin da ɗaya zuwa ɗari da sittin da uku. Wutsiyar lungunmu da kan lungun su Baba, an ɗinke su wuri guda. Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin kunu.

"Gobe da sahe ki koma ki gaya ma ƙarhen ga ya yi kuskure."

"Bai yi kuskure ba, Malam. Ashirin anka ce mishi, ashirin ya ƙirga."

"In zamna in buɗe baki in tauna nama gaban mutumin da ya ba ni ɗiya? Ina kin taɓa jin anka yi haka?"

"Wa yac ce a rubuta?"

Daga wannan kalma ya daina yi mini magana. In yana son abu sai ya tsaya tsakar gida ya gaya wa iska: "A hwaɗa ma Madam ordinatar babu ruwa ga buta." Sahur ya koma yi a gidan ƙanwarsa, kuma daga can ne gwaggonninku suka samo labarin da suke rabawa har yau.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai shanu suka iso. Wayyo ni! Sa na huɗu da ya sauko daga mota sai da aka tallafe shi. Ƙaho guda sama guda ƙasa, ga ƙasusuwan baya kamar an rataya riga a ƙusa, tozon ya kwanta gefe guda ya ba da gari. Kuma Illo direba, da yake lungu ɗaya suke da Baba, a kansa ya faɗa. Daga ranar duk wanda ya ce yana son barin sa na huɗu, ba mai yarda cewa kunya ce ta kore shi. Babanku ya gwada. Ya sanar a majalisa cewa tafiya ta kama shi zuwa Tajaye, wai kawunsa ba ya jin daɗi.

"Allah Shi ba kawu lahiya," in ji Illo. "Tun da sa na huɗu ya sauko, kowa ya zama matahiyi. In mijin Madam ya gudu daga ramamme, to mu ma mun gane karatun. Kowa shi ɗauki nashi, a tashi wasan."

Kawu ya warke nan take.

Ana saura kaɗan a yi yanka Alhaji Arzika ya same ni a buro da rana tsaka, ya rufo ƙofa, ya rage murya.

"Ɗiyata, wanga abu ya wuce wasa. Ubanki abokina na. Matsar da lamba guda, ni in ce wurin buga takarda anka yi kuskure. In ɗauki laihin bisa kaina."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so. Aikin yatsa biyu ne. Na zauna ina kallon na'urar nan ina tuna Baba da shekarunsa, a ce ɗiyarsa ce ta tsugunar da shi gaban surukinsa jama'a na kallo. Ina tuna gidana da ya koma kamar gidan makoki. Amma ina kuma tuna takardar da ke cikin hular Illo, da maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, wadda tun farkon azumi take gaya musu su yi haƙuri, naman watanda na nan tafe. Lamba guda in ta motsa, an rufe watanda, kuma da hannuna.

"Alhaji, na rantse," na ce.

Ya ce Allah Ya kyauta, ya fita. Na shiga bayan gida na yi kukana na wanke fuska. Da na tashi daga aiki na wuce wurin Baba. Na same shi a zaure yana aikin wuyan riga, sana'ar da ya ci da mu da ita. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini.

"Uwata, an ce ƙarhe ya gama ni da mutumin gidanki."

"Haka na, Baba."

"An ce kin rantse."

"Na rantse."

"To."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na jira, na jira, bai ƙara ko harafi ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na tashi na tafi ban san ko fushi yake ba ko addu'a.

Ranar yanka na shiga gidan da ke kallon filin, na tsaya bayan zana inda ta ɓule, mata sun cika bayana kowace tana son ganin yadda za ta ƙare da Madam. Aka kira salla, aka sha ruwa, aka yi magariba, aka fito. Shanu shida kowanne mutanensa suka kewaye faranti, kafin ka ce me sun share, suna ta raha suna ɗaukar kashinsu. Sa na huɗu kuwa, mutum goma sha takwas sun tsuguna, hanta na tururi, yaji na tashi. Baba na zaune a kan buzu ya dubi ƙasa, hannunsa bisa gwiwa. Babanku yana can jikin katanga, ya juya baya, takalmi a hannu, yana nazarin bulo kamar shi za a ba kwangilar ginin. Babba bai sa hannu ba, don haka ba mai sa wa. Mutanen nan sun wuni da azumi, ina jin ƙarar haɗiyar miyau daga inda nake. Wani ya yi gyaran murya. Wani ya ce hanta fa in ta huce ta zama takalmi. Mutanen sauran shanu, maimakon su tafi gida, sai suka dawo suka yi da'ira da namansu a hannu. Alhaji Arzika yana ta jan carbi da sauri. Can sai Illo ya miƙe, ya kai hannu ga hularsa.

"Jama'a, ku shaida. An ba mu ramamme mun yi haƙuri. Yanzu kuma hantar ma..."

"Illo, zamna."

Baba ne. Bai ɗaga murya ba, amma Illo ya zauna kamar an ja masa ƙafa. Baba ya ɗaga kai ya yi ta ƙifta ido yana lalube a gabansa.

"Ku yi mini haƙuri, ɗiyana. Tsuhwa ya kawo mini dundumi. In rana ta hwaɗi ba ni gane kowa, ko hwarantin ga ba ni gani. Ina dai hangen inuwar wani bawan Allah can ga katanga, ban san ko ɗan wa na ba. Ku ce mishi shi taimaki tsoho, shi zo shi riƙa miƙo mini."

Dundumi! Mutumin da jiya-jiya bayan magariba na gan shi ya zura zare a allura ba tabarau. Duk filin nan ba wanda bai san idon Baba ya fi na shaho ba, amma ko tari ba wanda ya yi. Liman da kansa ya je ya kamo hannun babanku. Ya taho yana jan ƙafa, ya tsuguna a gefen buzu, ya ɗauki yanka guda ya miƙa.

"A'a, bawan Allah. Ni ba ni cin abin da mai miƙowa bai ɗanɗana ba. Duniya ta lalace."

Babanku ya rufe ido ya jefa a baki. Ina ganin maƙogwaronsa, ban ga alamar ya tauna ba. Baba ya karɓi na biyu ya yi bisimilla ya ci, mutum goma sha takwas suka afka wa faranti. Na ɗauka an gama, ashe Baba bai gama ba.

"Bawan Allah, daga wane gari?"

"Tajaye," in ji babanku, da wata 'yar murya da ban taɓa jin yana da ita ba.

"Madalla. Da iyali?"

"Akwai."

"Ana zaman lahiya?"

Babanku ya dubi ƙasa ya ce:

"Tana da taurin kai."

Illo ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Matan da ke bayana suka zube ƙasa suna toshe baki da gyale. Baba ko murmushi bai yi ba.

"Haƙuri za ka yi. Ni ma ina da wata ɗiya hakanan. Wanda ke zaune da ita shekarun ga, kullum ina mishi addu'a, ban dai taɓa samun inda zan hwaɗa mishi ba. Miƙo mini wancan mai kitse."

Nan dariyata ta tsaya, hawaye suka zo. Aka share faranti, kowa ya ɗauki kashinsa, har Illo yana cewa ramamme ashe namansa ya fi zaƙi. Ba a rufe watanda ba, ga ta nan har gobe. Babanku ya shigo gida ya dire nama a gabana, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wani tsoho yac ce in yi haƙuri da ke," in ji shi. "Akwai sauran kunu?"

Ban fita a banza ba. Ƙanwar Baba ta yi shekara ba ta taka gidana ba, kuma sunan Madam ordinatar ya bi ni har na ajiye aiki. Da shekara ta zagayo kwamiti suka ce in koya wa makaro surukuta, na ƙara masa gida guda inda ake sa alama, in ya ga alama biyu iri ɗaya a sa guda ya raba su. Kowa ya kawo sunan surukinsa a sa masa. Babanku da ake ta jira ya fara kawowa, in aka tambaye shi sai ya ce gobe.

Abin da gwaggonninku ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Da rana ba abin da ya sake. In babanku ya hango Baba a kasuwa yana nan yana canza hanya, Baba yana nan yana aikowa a tambaya ko mutumin gidan ya fita. Amma in aka sallame magariba sai ku ga babanku ya saɓa babbar riga ya ce zai je ya duba wani tsoho da ba ya gani. Su zauna a ƙofar zaure su yi ta hira, farashin hatsi, damina, halin mata, har isha'i. Baba bai taɓa kiran sa da komai ba sai bawan Allah, shi kuma bai taɓa cewa ga ko shi wane ne ba. Haka suka yi shekaru.

Ranar da ciwon Baba ya tsananta ina zaune a gefensa, ana tsakanin azahar da la'asar, rana ta cika ɗakin. Ya buɗe ido ya ce:

"Uwata, rana ta hwaɗi?"

"Da saura, Baba."

"To. In ta hwaɗi ku kira mini bawan Allahn nan."

Na duba numfashinsa na san ba zai kai ba. Na fita, sai ga babanku a bayan katanga, takalmi a hannu, yana kallon sama. Ashe tun safe yake nan yana jiran magariba. Fuskata kawai ya gani. Ya ajiye takalmin ya wuce ni ya shiga ɗakin da rana tsaka, ya tsuguna a bakin gado. Baba ya juyo ya dube shi, ido cikin ido, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙo hannu.

"Yau duhu ya yi da wuri," in ji shi. "Matso kusa, ɗana."